Titin da Ya Ɗauki Gawar Baƙo

Daga tagar ɗakin da 'yata ta ba ni, a hawa na sha ɗaya na wani dogon bene a unguwar Pantai Dalam ta Kuala Lumpur, ana hango layin dogo. Jirgin da ke bi ta nan shi ne mai zuwa tashar jiragen ruwa ta Klang, can inda ƙasa ta ƙare. Ba ya ihu, ba ya hayaƙi, sulalewa kawai yake yi. A watannin kullen korona na sha ganinsa ya wuce da mutum biyu ko uku, kowa da takunkumi, kowa ya kama kusurwarsa. A ƙarshen wannan layin na yi shekara arba'in da ɗoriya, a titi guda, kusan a gida guda. Yanzu ina sama, ba na jin warin taɓo, ba na sanin lokacin da ruwan teku ya cika ko ya janye, kuma maƙwabcin da muke haɗa bango ban san fuskarsa ba, idanunsa kawai na sani.

Ni mutumin ƙasar Yawuri ne, a bakin Kwara na tashi, na iya tuƙa kwale-kwale tun kafin in yi wayo. Neman abinci ya kai ni Ikko ina saurayi. Ina dako a Apapa na haɗu da wani dattijo Bakano da ke dafa abinci a wani jirgin ruwa na ɗaukar kaya, kowa Baba Kuku yake ce masa. Shi ya yi mini hanya aka ɗauke ni aikin kankare tsatsa da shafa fenti. A jirgin nan mu biyu ne kaɗai masu jin Hausa, mu biyu ne masu salla. Idan na gama aiki sai in tafi ƙofar kicin ɗinsa in zauna, ya miƙo mini ƙanzon shinkafa, yana ba ni labarin garuruwan da ya gani. Ya ce mini wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe, idan mun koma zai sauka ya tafi Kano ya zauna a ƙofar gida kamar sauran sa'o'insa.

Injinmu ya mutu muna dab da shiga wannan tasha. Aka janyo mu aka ajiye a tsakiyar mashigar ruwa, nesa da gaɓa, aka ce mu jira kayan gyara. Muka jira. Masu jirgin suka daina amsa saƙo. Wata rana da hantsi kyaftin ya sa fararen kayansa ya ce zai je gari ya buga musu waya, ba mu ƙara ganinsa ba. Mu kuma ba a yarda mu taka ƙasa sai da takardar izini, takardar kuma wakilin masu jirgi ne ke nema, shi ma ya ɗauke ƙafa. Mai ya ƙare, wuta ta ɗauke, abincin da ke ɗakin sanyi ya ruɓe muka zubar. Muka koma tarar ruwan sama a durom, muna kamun kifi da ƙugiya. Ga gari nan muna kallo, muna jin jiniyar tasha safe da yamma, muna jin ƙamshin abinci idan iska ta juyo. Baba Kuku bai fasa komai ba. Idan lokacin salla ya yi sai ya hau can saman jirgi ya kira salla da ƙarfinsa, ya sauko mu yi mu biyu.

Wannan kiran sallar ne wani tsoho mai kwale-kwale ya ji. Aikinsa kai ma'aikatan jirage gaɓa da dawo da su. Gajere ne, baƙi wuluk saboda rana, ba shi da haƙoran gaba, mutanen wurin suna ce masa Wak, yadda suke kiran dattijan da asalinsu tsibirin Jawa ne. Ya zo gindin jirginmu ya yi sallama, ya yi mana alama mu sako igiya. Da muka jawo sai ga kwando, shinkafa da busasshen kifi da barkono. Washegari ya dawo, jibi ma haka. Ba ma jin harshen juna, sai ɗan Turancinsa na bakin ruwa da nuni da hannu. Shi ya yi ta zirga-zirga har aka ba mu izinin sauka ranar Juma'a. Ranar farko da na shiga kwale-kwalensa na ga yana nishi, sai na karɓi filafili. Ya kalle ni na ɗan lokaci, ya koma ya kishingiɗa ya kunna taba. Daga ranar ni nake tuƙa shi.

Titin da muke sauka bai fi tafiyar minti biyar ba, daga gadar katako ta bakin ruwa zuwa inda layin dogo ya ratsa, amma ban taɓa ganin wuri mai rai kamarsa ba. Tun da asuba ake buga wata babbar ganga a masallacin unguwa kafin ladan ya ɗaga murya, daga can ƙarshen titi kuma ƙararrawar wurin bautar Indiyawa ta amsa. Kafin rana ta fito 'yan dako sun cika titi, yawancinsu Tamilawa 'yan asalin Indiya, da tawul a wuya da ƙugiyar ƙarfe a ƙugu, suna jiran a kira sunayensu a ƙofar tasha. Da kafaɗa ake sauke jirgi a lokacin. Buhunan shinkafa su sauko, roba da kuza da katako su hau, jirgi ɗaya ya yi mako biyu yana shan lodi, ma'aikatansa kuwa suna cikin gari suna aski, suna ɗinki, suna cin abinci, suna aika wasiƙa. Kowa da abin da yake samu a jikinsu. Kekunan haya masu ƙafa uku suna jere a bakin gada, masu su na kaɗa ƙararrawa. Bas ɗin da ke zuwa Kuala Lumpur tsoho ne, tagoginsa ba sa rufuwa, kwandasta na buga jikinsa da tafin hannu idan zai tashi, kuma tafiyar takan ci rabin yini ta cikin gonakin roba. Idan jirgin ƙasa na kaya zai wuce, wani mutum yakan fito da jar tuta ya jawo ƙyaure ya tare titi, sai komai ya tsaya, mai keke da mai bas da mai tura kura, a yi ta hira har taragun su ƙare. A shagon shayi na mamak, wato Indiyawa Musulmi, mai shagon yakan ɗaga kofi sama ya zubo shayi cikin wani kofin ba tare da ɗigo ya faɗi ba, ni kuwa in saki baki ina kallo.

Wak ne ya ba ni tarihin wurin, a hankali, yayin da kunnena yake buɗewa da harshensu. Ya ce duk inda muke takawa da fadama ce, itatuwa masu saiwa a waje da sauro da kada. Turawa suka ce nan za a yi tasha, suka kwaso mutane daga Indiya da Sin da Jawa suka cike ta da ƙasa. Ya ce zazzaɓi ya kashe waɗanda ba wanda ya san yawansu, mahaifinsa yana cikin masu haƙa ramukan. Yakan buga ƙafarsa a ƙasa ya ce, “Wannan titin a kan mutane yake zaune, shi ya sa ba ma tambayar kowa daga ina ya zo.” Gidansa na katako ne a kan dogayen ƙafafu, can ƙarshen wani lungu. Idan ruwan teku ya cika sosai yakan shigo ƙarƙashin gidan, kaji su hau tsani, yara su yi ta wasa, bayan awa biyu ya koma inda ya fito. Yakan ce mini, “Kada ka yarda ka gina komai a ƙarƙashin gida. Wurin ruwa ne, yana zuwa ziyara.”

A wata na bakwai Baba Kuku ya kwanta. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya yi masa wuya. Wak ya kawo magani daga shagon wani Basine, bai yi ba. Ranar da zai cika, bayan mun yi sallar asuba, shi a kwance ni a tsaye, ya kama hannuna.

“Yaro, abu ɗaya nake roƙonka,” ya ce. “Kada ka bari su jefa ni a ruwa. Na ga yadda ake yi. Ka sa ni a ƙasa, ko ƙasar waye.”

Na ce, “Baba, in sha Allahu a Kano za a sa ka, bayan shekaru.”

“Bar wannan zancen. Ka ce ka ɗauka.”

Na ce na ɗauka. Kafin rana ta yi tsaka ya rasu.

Sauran ma'aikatan jirgin mutanen kirki ne, amma tsoro ya kama su. Ga zafi, ga babu wuta, ga babu wanda zai sa hannu a takarda. Babban cikinmu ya ce idan gari ya waye ba a samu izini ba, za a ɗaure gawar da ƙarfe a sake ta, ba don ƙiyayya ba. Na zauna a ƙofar kicin na rasa abin yi, ban fi shekara ashirin da uku ba, ban taɓa wanke gawa ba. Da Wak ya zo da kwandonsa na sauka da tsanin igiya na gaya masa. Ya juya kwale-kwalen, ya karɓi filafili da kansa, ya nufi gaɓa. Na ɗauka ya gudu ne. Bayan azahar sai ga shi da ɗan sanda guda da wani likita Ba'indiye da ya fito da shi daga ɗakin shan magani. Daga baya na ji cewa zama ya yi a ƙofar ofishin 'yan sanda ya ce ba zai tashi ba sai an bi shi. Likita ya duba, ɗan sanda ya rubuta, muka naɗe Baba a bargo muka sauko da shi da igiyar da muke jawo abinci.

Ni na tuƙa. Ruwa ya janye a lokacin, kwale-kwalen ya kafe a taɓo tun kafin mu kai gada. Na sauka, taɓo ya kai mini cinya, na rasa yadda zan ɗauke shi ni kaɗai. 'Yan dako suna zaune a kan gada suna cin abinci. Ɗaya ya ajiye kwanonsa ya duro, sai wani, sai wani. Tamilawa ne, ba Musulmi ba, ba su taɓa ganin Baba Kuku ba. Suka ɗaga shi sama da kawunansu don kada taɓo ya taɓa bargon, suka miƙa shi hannu zuwa hannu har kan gada. Wani mai keken haya ya sauke fasinjansa, aka kwantar da Baba a kujerar, bai hau ya tuƙa ba, turawa ya yi da hannu. Muna shiga titi na ga masu shaguna suna jawo ƙofofinsu rabi. Mai shayi ya kashe rediyo. Bas ɗin Kuala Lumpur ya riga ya tayar da inji, direban ya kashe ya sauko ya cire hula. A masallaci aka buga gangar nan, bugu na daban da ban taɓa ji ba, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Liman da Wak suka yi wankan, suka sa ni na zuba ruwa, suna nuna mini. Mai sayar da yadi ya aiko da farin ƙyalle, 'yar Wak, wata budurwa mai sayar da shinkafa a ƙunshin ganyen ayaba, ita ta yanka likkafanin a barandar gidansu. Da aka fito da makara ban samu na riƙe ta ba sai sau ɗaya, saboda yawan kafaɗu. A mararrabar layin dogo jirgin kaya yana tafe, mai jar tuta ya shiga tsakiyar layi ya tsayar da jirgin, ya buɗe mana ƙyaure. Liman ya tambaye ni sunan mamacin da na mahaifinsa. Sunansa na sani, na mahaifinsa ban sani ba, aka rubuta a katako yadda na faɗa, da kuskure a ciki.

Bayan wata biyu aka zo kwashe ma'aikatan jirginmu a mayar da su gida. Na tsaya a kan gada na yi musu ban kwana. Wak ya tsaya mini, ya nemo mini takardun zama a matsayin mai taya shi aiki, ya ba ni ɗaki a bayan gidansa. Ban san yadda zan bayyana wa mutanen gida dalilina ba, har yau ma ban iya ba. Na dai ga abin da titin nan ya yi wa mutumin da bai sani ba, na ce a raina nan ne wurin da mutum zai tsufa. Bayan shekara uku na auri wadda ta yanka likkafanin. Abang take ce mini, kamar yadda matansu ke kiran miji. Ta koyi Hausa a bakina, Hausar Yawuri, har ɗaliban Kano da suka fara zuwa karatu daga baya sukan yi ta dariya idan ta yi magana. Mahaifiyata ta rasu ban gan ta ba, wasiƙar ta iso bayan an yi sadakar arba'in. Sau biyu kacal na je gida, na biyun kuwa a masaukin baƙi na kwana.

Titin bai mutu rana ɗaya ba. Kwantena ce ta fara zuwa. Aka gina sababbin tashoshi can nesa, masu katanga da injinan ɗaga kaya da suka fi hasumiyar masallaci tsawo. Jirgin da ke mako biyu ya koma yini ɗaya, ma'aikatansa ba sa ko saukowa. 'Yan dako suka rataye ƙugiyoyinsu, wasu suka koma gadi, wasu suka koma giya. Kwale-kwale ba mai hawa, Wak ya jawo nasa ƙarƙashin gida ya kife, a nan ya ruɓe bayan rasuwarsa. Na koma tuƙin babbar mota ina jan kwantena. Aka yi gadar sama a kan mararrabar layin dogo, mai jar tuta ya tafi. Keken haya na ƙarshe wani otal ne ya saye shi ya ajiye a ƙofa da furanni a ciki. Jirgin ƙasa mai lantarki ya zo, muka yi murna, ashe 'ya'yanmu ya zo kwashewa, da safe ya kai su aiki birni, daga baya suka daina dawowa. Benayen shagunan da aka bari wasu suka toshe tagoginsu suka mai da su gidan tsuntsaye, irin waɗanda ake sayar da sheƙarsu, suka sa lasifika tana kukan tsuntsu daga safe har yamma. Ni ma na bi yayi. Na rushe gidan katakon Wak na gina na siminti a ƙasa, da tayil da kujerun kushin, kamar yadda kowa ya yi. Maiɗakina ta ce, “Abang, ka tuna abin da mahaifina yake faɗa.” Na ce mata an yi magudanan ruwa yanzu, zamani ya wuce nan.

Duk da haka akwai saura. Akwai mu tsofaffi shida ko bakwai da muke haɗuwa a shagon shayi bayan la'asar, jikan mai shagon na farko ne ke zuba mana. Maiɗakina ba ta daina ƙunsa shinkafarta ba, ko da guda ashirin ne, direbobi na tsayawa su saya. Sai korona ta zo. Aka rufe masallaci, aka ɗaure kujerun shagon shayi da igiya, 'yan sanda da sojoji suka sa shinge a ƙarƙashin gadar sama. 'Yarmu tana Kuala Lumpur da mijinta, tafiyar awa ɗaya, amma ba ta da izinin tsallako mana. Titin ya yi tsit, babu abin da ake ji sai lasifikar tsuntsaye da motar asibiti. A wasu gidajen aka fara rataye farin ƙyalle a taga, alamar abinci ya ƙare. Maiɗakina takan dafa ta rataye a ƙofarsu ta ƙwanƙwasa ta dawo. Ban san ko a nan ta ɗauki cutar ba, ko ni na kawo mata daga kasuwa. Na yi ta juya wannan a raina har na gaji.

Mu biyu muka kamu. Nawa ya tsaya a zazzaɓi, aka ɗaura mini wani abin roba a hannu mai nuna ba ni da izinin fita. Ita kuwa a kwana na biyar leɓɓanta suka canza launi. Motar asibiti ta zo da mutum biyu cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa. Da ƙafarta ta fita, tana riƙe da jakar leda. A bakin ƙofa ta juyo ta ce in shiga ciki, kada a ga na fito. Bayan kwana huɗu wata ma'aikaciyar jinya ta kira ni ta kara mata waya a kunne. Da Hausa ta yi magana, tana tsayawa tsakanin kalma da kalma.

“Abang, maganinka na hawan jini yana saman firji.”

Na ce, “Na gani. Yaya jikin?”

“Da sauƙi. Ka riƙa rufe tagar baya, kyanwa tana shiga.”

Na ce to. Na ce ta yafe mini. Ban sani ba ko ta ji, don muryar ma'aikaciyar ce ta dawo tana cewa za su sa mata na'ura.

Daga asibiti aka wuce da ita maƙabarta kai tsaye, motar ba ta bi ta titinmu ba. Ba a yi mata wanka ba, taimama aka yi a kan ledar da aka rufe ta. 'Yata ta samu takardar 'yan sanda ta zo, aka tsayar da ita a bayan shinge, ta ɗaga wayarta tana nuna mini ina zaune a falo. Abin da na gani shi ne mutum huɗu cikin fararen kaya da motar haƙa rami, hoton yana tsayawa yana tafiya. Matar da aka haifa a titin nan, wadda babu gidan da bai ci shinkafarta ba, babu kafaɗa ɗaya ta unguwa da ta taɓa makararta. Ba na ganin laifin kowa. Da yamma wani ya rataye mini abinci a ƙofa, kafin in buɗe ya tafi, har yau ban san ko waye ba. Cikin tsofaffin shagon shayi, uku suka bi ta a wannan damina.

Da aka cire mini abin hannun, 'yata ta zo ta ce, “Abah, ba zan bar ka a nan kai kaɗai ba.” Da harshen uwarta take mini magana, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Na ce mata wata ɗaya zan yi. Na ɗauki kaya kala uku da maganina, na bar komai yadda yake, har zanen da maiɗakina ta shanya a bayan ƙofa. Na ce sai zuciyata ta yi ƙarfi zan dawo in gyara.

Ban kai ga komawa ba. Ƙarshen shekarar aka yi ruwan sama kwana biyu ba tsayawa, ya haɗu da cikar teku. Sai da aka kwana huɗu kafin hanya ta buɗe muka je, ni da 'yata da mijinta. Layin da ruwa ya bari a bango ya wuce kaina. Ƙofa ta kumbura, sai da aka ɓalle ta. Taɓo ya kai idon sawu, firji ya kife, kifaye ƙanana sun mutu a kan tayil. Na buɗe kabad ɗinta, kayan sun zama dunƙule guda, baƙi, mai wari. Hotunan aurenmu sun manne da juna, da na ɓamɓare ɗaya sai fuskokin suka biyo yatsana. Tukunyar da take dafa shinkafa, tabarmar sallarta, gilashin idonta, wasiƙun gida da na adana a gwangwani, duk abu ɗaya suka zama. 'Yata ta yi ƙoƙarin wanke wasu zannuwan, suna yagewa a hannunta, ta zauna a bakin rijiyar baya ta yi kukan da ba ta yi ba a maƙabarta. Duk titin haka yake, kowane gida da tsibin kayansa a ƙofa, katifu da kujeru da littattafan yara. Mutane na fitowa da kaya suna komawa, da takunkumi a fuska, ba mai ce wa wani sannu. Yini biyu muka yi muna fitarwa.

A rana ta uku motar kwashe shara ta shigo, babba, mai hannun ƙarfe. Tana bin gida gida. Da ta zo namu, hannun ya sauko ya damƙa sau huɗu, tsibin ya ƙare. Direban ya leƙo ta taga, ya ja takunkuminsa ƙasa kaɗan don in ji shi, ya kira ni yadda suke kiran dattijo.

“Pak Cik, akwai saura a ciki?”

Na juya na leƙa. Bango ne huɗu, da tsintsiyar da ke hannuna.

Na ce, “Babu. Ke nan.”

Ya gyaɗa kai, ya matsa gida na gaba.